Akuyar Asabe

Idan rana ta yi sanyi a gidan nan namu na Dutse Alhaji, nakan sa a shimfiɗa min tabarma a gindin mangwaro, in zauna ina kallon jikokina. Tsakar gida cike da mutane, amma shiru kamar ana jarrabawa. Kowa ya duƙa a kan wayarsa, ya toshe kunnuwa da 'yan fararen abubuwan nan. Da farko abin yana ci min rai, ina ta faɗa. Yanzu na daina, domin ni ma sun saya min tawa, kuma akwai wani fim mai dogon zango da nake bi wanda in aka makara ba a saka sabon kashi ba, ranar kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Yaran suna min tsiya, suna cewa Hajiya ta waye. Ba su san cewa wannan harka ta sa mutane dariya da kuka daga nesa, na riga iyayensu shigarta ba.

Na zo garin nan ina amarya, lokacin da Abuja ba ta wuce jar ƙasa da ƙarar tifa ba. Maigidana ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata, aka ba shi ɗaki ɗaya a rukunin gidajen ƙananan ma'aikata. Da sassafe abin da ke tashinka shi ne hon na tankar ruwa, sai ƙarar bokitai, sai matan maƙwabta suna kiran juna, kowace da irin Hausarta. Akwai wadda ta zo daga kudu, akwai ta tsaunuka, akwai matan ƙauyukan kewaye da ke kawo doya da itace, duk a Hausa muke haɗuwa, ko da ta karkace. In maza suka tafi aiki sai unguwa ta koma ta injin buga bulo da gudumar kafinta. Ba dangi, ba gidan suna, ba gidan biki. In na gama shara da wanke-wanke, na ɗora wake, abokin hirata rediyo ne da ke kan taga. Da shi nake tsinke zogale, da shi nake guga, har nakan mayar masa da magana.

Bakina ne ya kai ni gidan rediyo. Wata rana mai tankar ruwa ya tsallake layinmu, bayan ya tafi na tsaya ina kwaikwayon yadda yake magana ta hanci, mata suna faɗuwa don dariya. Ashe mijin maƙwabciyata, wanda direba ne a gidan rediyon, yana ɗaki yana ji. Ya ce ogansu na neman mace mai kaifin baki don wani wasan kwaikwayo da za a riƙa yi duk mako. Da na gaya wa maigidana sai ya ce, "Murya ce kawai, ba fuska?" Na ce murya ce kawai. Ya ce, "To je ki. Amma duk masifar da aka koya miki a can, ki bar ta a bakin get kafin ki dawo."

Ɗakin ɗaukar murya ƙarami ne, ba taga, an manna wa bangonsa wani abu mai laushi, ta yadda in ka yi magana sai ka ji kamar ɗakin ya haɗiye ta. Kafin ka shiga sai ka tuɓe takalmi, mu mata mu cire awarwaro. Makirfo ɗaya ne a tsakiya, mu kewaye shi kamar masu cin tuwo a kwano guda. Wanda ya kamata a ji yana nesa sai ya ja da baya, mai raɗa ya matso. Ko takardar wasan akwai yadda ake juya ta: in ka gama da shafi sai ka sake shi a hankali ya faɗa kan bargon da aka shimfiɗa a ƙasa. Oga furodusa yana bayan gilashi da manyan faya-fayan tef suna juyawa, in jar fitila ta kama, ko tari ya zo maka sai ka haɗiye abinka. In wani ya yi kuskure, Oga ya ɗauko reza ya yanke wurin ya liƙe, yana ƙunƙuni, don tef ɗin lallaɓa shi yake kamar ƙwai.

Ni ce Asabe, mai ƙosai a bakin wurin gini, wadda ba ta barin ta-kwana. Tana faɗa da lebura, tana faɗa da ɗan kwangila, tana faɗa da mijinta, abu ɗaya ne kawai take tausasa wa murya, wata akuya ɓarauniya da ke bin ta ko'ina. Akuyar nan daga maƙogwaron Malam Tanko take fitowa. Shi ne mai yi mana sauti, wani dattijo siriri mai akwatin ƙarfe cike da tarkace. In ya murza leda kusa da makirfo sai ka rantse ƙosai ne ke soyuwa, har yawu ya tsinke maka. Tsakuwa a faranti ita ce tafiyar lebura. Tsohon gwangwani da sarƙa su ne tifa tana juye yashi. In aka zo wurin akuya kuwa, sai ya kama hancinsa, ya lumshe ido, ya saki wani kuka mai rawa, mu duka mu cije leɓe don kada dariya ta ɓata tef. Ba na jin kunyar faɗa, masu sauraro sun fi son akuyar nan a kan mu duka.

Ina cikin wannan aiki na haifi ɗana na fari, namiji. Ya zo da kuka mai ƙarfi, aka yi suna, maƙwabta suka ci shinkafa. Bai daɗe ba zazzaɓi ya kama shi, ya koma. Innata ta zo daga gida ta ɗan zauna da ni, amma ta baro Baba ba lafiya, dole ta juya. Kowa ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne. Na yi haƙurin da ake so, har ana yabona a layin ruwa. Maigidana kuma ya zama kamar baƙo. Ya dawo aiki, ya ci abinci, ya ce an gode, ya ja tabarma waje. Ba faɗa, ba komai, amma ko sau ɗaya sunan yaron bai sake fitowa daga bakinsa ba, ni ma bai fito daga nawa ba. Rediyon ma na daina kunnawa. A raina na ƙudura cewa in na samu na je gida ganin Baba, ba zan dawo garin nan ba. Har na fara jera zannuwana a akwati, kaɗan-kaɗan, yadda ba zai lura ba.

Duk tsawon lokacin, a cikin wasa an ce Asabe ta tafi ƙauye. Sai Oga ya aiko direban nan ya ce mutane sun dame shi da tambaya, in daure in zo ko da sau ɗaya ne. Na shirya na tafi, da niyyar in yi wannan ɗin in yi musu sallama. Aka miƙo min takarda. Marubucin yana son Asabe ta samu dalilin yin doguwar rigima da ɗan kwangila, don haka ya sa tifa ta yi baya ta take akuya. Wurin dariya ne. An rubuta cewa Asabe za ta zube ƙasa tana kururuwa kamar an yi mata mutuwa, leburori suna ba ta baki suna satar ƙosai. Jar fitila ta kama, Malam Tanko ya ja sarƙarsa a kan gwangwani, ya yi kukan akuya na ƙarshe, ni kuma na fara. "Wayyo akuyata! Wa zai cinye min dusar wake? Wa zai biyo ni kasuwa?" Duk wannan ya tafi daidai. Sai idona ya sauka kan layi na gaba. An rubuta, "Wa zai tashe ni da asuba?"

Na faɗe shi, amma ba Asabe ce ta faɗa ba. Wani abu ya ɓalle a ƙirjina, kukan da na hana kaina a gaban Inna, a gaban maigida, a gaban matan layin ruwa, ya fito gaba ɗaya a gaban makirfo. Na kasa tsayawa. Masu yin leburori suka ci gaba da nasu layin don ba a kashe fitila ba. Daga ƙarshe aka kashe fitilar. Malam Tanko ya sunkuyar da kai cikin akwatinsa yana ta gyara abin da bai lalace ba. Can Oga ya danna abin magana daga bayan gilashi, a hankali ya ce, "Ƙanwata, in kina so mu goge mu sake, sai mu sake." Na share fuska da gefen mayafi na ce a bar shi haka, ba zan iya maimaitawa ba. Aka ɗora masa kiɗan barkwanci a ƙarshe, ya fita ranar Lahadi bayan la'asar. Gari ya ɗauka. Yara a hanya suna ta "Wayyo akuyata", mata a layin ruwa suna cewa ban taɓa ba su dariya kamar ranar ba.

Mako na zagayowa na koma don in gaya wa Oga na bari. Ina isa get maigadi ya tare ni. "Madam, ga wata tsohuwa can tun safe. Wai Asabe take nema. Na ce mata babu wata Asabe, wasa ne, ta ƙi tafiya. Daga Karshi wai ta zo." A lokacin zuwa daga Karshi ba ƙaramin aiki ba ne, sai ka samu a-kori-kura ta 'yan kasuwa, hanyar kuma duk rami. Na hango ta a gindin darbejiya, gajeriyar mace baƙa, ƙafafunta sun yi furu-furu, ga wata babbar ƙwarya a gefenta irin wadda matan ƙauyukan nan ke ɗauka a kafaɗa. Na durƙusa na ce, "Sannu, Iya. An ce kina nemana."

"Ke ne," in ji ta. "Zauna."

Na zauna a kan saiwar bishiyar. Na ce, "Iya, kin san fa wasa ne muke yi. Babu akuya, wani malami ne ke kukanta da baki."

"Na sani. Ni ba yaro ba ne. Akuya na ƙarya ne." Ta dube ni tun daga fuska har ƙirji, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Namiji ne ko mace?"

Ban san lokacin da na ce mata namiji ba.

"An sa mishi suna?"

"An sa."

"Faɗa mini."

Na faɗa mata. Ta maimaita shi da irin harshenta, a hankali, kamar tana ɗanɗanawa. Ta ce suna mai kyau. Sannan ta ce ita ma nata suna kwance a bayan gona, ta kira min sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya fara tafiya, da wadda ba ta kai ga yaye ba. Ta ce, "Ranar da rediyo ya yi wannan kuka, mutane duka suna dariya. Ni na tashi na shiga ɗaki. Na ce wannan yarinya ba shi da uwa a kusa." Ta jawo ƙwaryar ta buɗe: acca ce, da daddawa, da zuma a kwalba, da man kaɗe a ganye. Ta koya min yadda zan shafa man in ɗaure ƙirji don nonon ya daina damuna, abin da ban taɓa gaya wa kowa yana damuna ba. Muka zauna a gindin bishiyar nan ina kuka tana shafa bayana, ma'aikata suna wucewa suna kallonmu. Da za ta tafi ta ce, "Lahadi ki zo Karshi. Ki zo da miji naki. Shi ma nashi ne ya mutu."

Ban ga Oga ranar ba. Na koma gida da ƙwarya, na dafa acca, na gaya wa maigida duk abin da ya faru. Ranar Lahadi sai na ga ya saka kaftaninsa na Juma'a.

A Karshi ne na fara ganin yadda ake sauraronmu. Mu a ɗakin nan marar taga ba mu taɓa ganin mai sauraro ko ɗaya ba. Gidan su Iya babban gida ne, akwai masu zuwa coci, akwai masu zuwa masallaci, akwai wani tsoho da ba ya zuwa ko'ina, duk tukunya ɗaya. Da la'asar ta yi sai aka fito da rediyo aka rataye shi a reshen ɗorawa, an riga an shanya batiransa a rana tun hantsi don su ƙara ƙarfi. Mutane suka taru, wasu daga gona ko ƙafa ba su wanke ba, mata da tiren gyaɗa suna ɓarewa. Matasa na juya wa tsofaffi magana zuwa yarensu. Ba shiru suke saurare ba, faɗa suke da mutanen cikin akwatin. Ɗan kwangila na magana wata ta ce ƙarya yake. Mijin Asabe na magana wani ya ce rago ne. Wani tsohon kashi aka maimaita ranar, ni ina zaune a tsakiyarsu ina jin muryata tana fitowa daga reshen bishiya, ba wanda ya san ni ce.

Sai da aka gama Iya ta miƙe ta nuna ni ta ce, "Ga Asabe." Ba wanda ya yarda. Su Asabensu ƙatuwar mace ce mai wuya kamar turmi, ni kuwa a lokacin iska ma tana iya ɗauka ta. Suka ce in dai ni ce in yi musu faɗa su ji. Na ji kunya, na ƙi, Iya ta zungure ni. Sai na juya kan tsohon nan da ba ya zuwa ko'ina, na riƙe ƙugu na ce, "Kai Baba! Da wannan hannun da ka gama susa za ka taɓa min ƙosai?" Wurin ya kece. Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Na waiwaya na ga maigidana ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa, ni ma sai na ji dariya ta kama ni, irin wadda na manta ina da ita. Iya ba ta gaya wa kowa dalilin da ya sa ta nemo ni ba, har ta bar duniya. Mutanen gidan su dai a ganinsu an yi wa Asabe rashi, don haka da za mu tafi sai ga wani ya jawo 'yar akuya ja da igiya a wuya, wai a maye gurbi.

A bayan a-kori-kura muka dawo, tsakanin buhunan dawa, maigidana da kaftanin Juma'a rungume da 'yar akuya tana ta kuka tana cin aljihunsa. Muka yi nisa. Can ya ce, idonsa a kan hanya, "Da yana nan, da yanzu ya fara zama." Ya kira sunan yaron. Na ce, "Da ya fara." Ya ce, "Hancina ne da shi." Na ce, "Hancinka ne, amma bakin nawa ne." Muka yi ta maganarsa har muka shigo gari, hawaye na zubo mana, direba na ta faɗawa rami. Washegari na fito da zannuwana daga akwati na mayar da su inda suke. Akuyar kuwa ta zauna da mu har sai da ta cinye wa maƙwabciya ɗankwali, aka ce ko ita ko mu.

Na ci gaba da zama Asabe shekara da shekaru. Duk haihuwar da na yi bayan nan, Iya ce ke zuwa ta yi min wankan jego, ta kwana a gabana, ta yi wa maigida faɗa in ya sayo nama marar kyau. Shi kuma yana kiranta surukarsa, har ya rasu bai canza ba. Da aka haifa mata jika mace daga baya, ta sa aka raɗa mata sunana. A hankali duniya ta juya. Talabijin ta shiga gidaje, sai kaset na bidiyo, sai faifai, sai kwanon nan da ake kafawa a kan rufi. Mutane suka fi son abin da ido zai gani. Aka rage mana lokaci, daga baya aka rufe wasan ba tare da wata hayaniya ba. Malam Tanko ya koma garinsu da akwatinsa. Na taɓa komawa in nemi ko kashi ɗaya don 'ya'yana su ji, aka ce tef ɗin duk an sake ɗaukar wasu abubuwa a kansu. Duk aikin shekarun nan, ko tarina bai saura a tef ba. Na ɗan ji zafi a ranar, amma bai daɗe ba. Waɗanda aka yi domin su sun ji a lokacin da suke bukata.

Takwarata ta Karshi ita ce yanzu ke wannan sana'a, sai dai gidan rediyonta a cikin jakarta yake. Ita ce marubuciya, ita ce Oga, ita ce Malam Tanko. Ta kafa waya a kan wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, ta kunna zagayayyar fitila, ta yi wasan minti ɗaya ko biyu, kafin ta sha ruwa mutane a ƙasashen da ban san sunansu ba sun gani sun mayar mata da magana. Mu sai mu yi mako muna jiran muryarmu ta fita. A zamaninmu da ta zo get da irin Hausarta, wadda ta cakuɗa da yarensu da Turanci da na 'yan kasuwa, ba za a bar ta ta kai ga makirfo ba, za a ce ta je ta gyara harshe. Yanzu wannan Hausar ce ake so a wurinta, don haka mutanen garin nan ke magana. Wannan kam ci gaba ne, ko wa ya ce me. Amma aikin yana da nasa ciwon. Ta ce in ba ta kama mutum a numfashin farko ba, ya shafa yatsa ya wuce. Kuma mu bango ya kare mu, ita kuwa duk wanda ya tashi da baƙin rai yana iya rubuta mata zagi ta karanta kafin ta karya kumallo. Akwai ranar da ta zo nan idonta a kumbure saboda abin da aka rubuta kan fuskarta. Na ƙwace wayar na saka a cikin kwandon albasa, na ce sai ta ci tuwo.

Ita ce ta nuna min wata na'ura a wayar da kake rubuta mata magana ta karanta da muryar mutum, ta mace ko ta namiji, ta yaro ko ta tsoho. Na saurara da kyau, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta burge ni. Sai da aka zo kan miyar kuka, ta ja kalmar kamar miyar ce ke zubar da hawaye. Na ce wannan ba ta taɓa cin tuwo ba. Takwara ta ce, "Mama, ki ba shi lokaci kaɗan, zai koya." Na ce ta koya, Allah ya ba da sa'a, ni dai na riga na yi nawa.

Ashe ban gama ba. Kwanakin baya ta zo da ƙarfenta mai ƙafa uku ta ce tana son uwa a wasanta, ta gwada na'urar ba ta iya masifa ba. Na ce fuskata ba ta taɓa fita ba, ba kuma yanzu da ta yamutse za ta fara ba. Muka daidaita a kan ita tana tsakar gida ana ganinta, ni ina cikin ɗaki bayan labule, murya kawai. Ba takarda, ba jar fitila. Ta ce in faɗi duk abin da ya zo bakina. Tana ƙoƙarin sulalewa ta fita yawo, ni kuma daga ciki ina jefo mata magana kan tukunyar da ta bari a jiƙe tun jiya. Mun yi irin wannan da yawa yanzu. Ta ce mutane sun dame ta da tambayar wace ce matar bayan labule, na ce ta bar su su ƙera ta yadda suke so.

Ran Asabar ɗin da ta wuce na sa aka kai ni kasuwar kifi ta Kado, don ba na yarda kowa ya zaɓo min tarwaɗa. Na tsaya gaban wata mata mai matsakaicin shekaru, ta jingina wayarta da bokiti tana fafe kifi tana kallo. Sai na ji muryata tana fitowa daga tsakanin ƙanƙara da sikeli. Na nuna mata kifin da nake so da yatsa. Ta ga ina kallon wayar sai ta ce, "Hajiya, kin san wannan? Tsohuwar nan ta bayan labule, wallahi uwata ce sak. Haka take mana faɗa. Bara ta rasu. Kullum da safe sai na kunna, in ji kamar tana ɗaki." Ta yi dariya, ta goge ido da bayan hannu, ta ci gaba da aikinta. Ta yanka kifin, ta ɗauraye shi sama-sama a ruwan da ya riga ya yi ja, za ta zuba a leda.

Na riƙe ƙugu na ce, "Ke! A gidanku haka aka koya miki wanke kifi? Canza ruwan nan kafin raina ya ɓaci."

Wuƙar ta faɗi daga hannunta. Ta dubi wayar, ta dube ni, bakinta a buɗe. Sannan a hankali, kamar ƙaramar yarinya, ta ce, "To, Mama." Ta ɗauki bokiti ta tafi ɗebo ruwa mai kyau.